ALƘALIN WASA BA MALA'IKA BA NE

Ina roƙon Edita ya ɗan ba ni fili a cikin wannan mujalla tamu mai farin jini, domin in amayar da wani abu da ya tsaya mini a maƙogwaro tun da muka dawo daga hutu. Na sani sarai akwai waɗanda da sun ga kan maganar za su taɓe baki su ce ana ga yaƙi wannan yana ga ƙura, watau ga matsalar kuɗin makaranta, ga ta ɗakunan kwana, shi kuwa ya zo mana da zancen ƙwallo. To, ina roƙonsu su yi mini haƙuri su karanta har ƙarshe. In sun gama suka ga maganar ta ƙwallo ce kurum, na yarda su yage shafin su ƙunshe ƙosai da shi.

Ni mutumin ƙasar Kura ne, daga ɗaya daga cikin ƙauyukan nan da ke shan ruwan Tiga. Wanda bai san wajenmu ba, sai in ce masa tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta babban kanal zuwa filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, rani ya daina zama lokacin zaman banza a wajenmu. Da damina shinkafa, da rani alkama da tumatir da albasa da masara. Wanda ya taɓa bin hanyar Zariya da hunturu ya ga kwandunan tumatir jibge a Kwanar Gafan, ya ga guminmu. Amma abin da baƙo ba zai gani daga cikin mota ba shi ne, duk wannan arziki a kan layi yake tafiya. Ruwa ɗaya ne, gonaki dubbai. Na sama ya sha ya saki, na ƙasa ya jira ranarsa. Ranar da na sama ya ƙi saki, na ƙasa ya shiga uku. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, za mu komo gare shi.

ABIN DA YA FARU

A hutun nan da ya wuce, wani mai hali ya sa kofi da rago domin samarin ƙauyukanmu su yi gasar ƙwallon ƙafa. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi sunayen garuruwan ba, don an riga an yi sulhu, ba na son in fama gyambon da ya soma warkewa. Aka yi ta fafatawa har aka zo wasan ƙarshe, tsakanin garinmu da maƙwabtanmu na sama, waɗanda kanal ɗaya muke sha da su. Wanda aka ba usur wani malamin firamare ne, dattijo mai kimanin shekara hamsin, wanda ya daɗe yana busa mana wasa ba a ba shi ko kuɗin man babur. Filin kuwa fegi ne da aka share, turakun gola na itacen turare, ba raga, ba layi sai ɗan tokar da aka barbaɗa da safe iska ta kwashe kafin la'asar. Masu tuta yara ne guda biyu, kowanne riƙe da reshen darbejiya.

Ana kunnen doki, ɗaya da ɗaya, saura kaɗan a tashi, rana ta yi ja, hazo ya sauko, sai ɗan wasansu ya sheƙo ƙwallo daga nesa. Ta wuce dab da turke. Malam yana tsakiyar fili, ƙurar ƙafafun mutum ashirin da biyu tana gabansa, ya busa ya nuna tsakiya, watau ta shiga. Mu da muke tsaye a bayan gola mun gani da idonmu ta waje ta bi. Kafin a ce kwabo fili ya cika. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Ai matarsa 'yar garinsu ce!" Shi ke nan, kamar an watsa wa wuta fetur. Aka yi masa ca, aka kayar da shi, aka karya masa hannu, aka farfasa fitilun babur ɗinsa. Samarin garin sama da suka zo ceto su ma aka fasa wa biyu kai.

A nan dole in faɗi abin da ya hana ni barci. Ni ma na yi jifa. Ni ɗin nan ɗan jami'a, wanda ake nunawa a gari ana cewa yaro ya yi ilmi, na sunkuya na ɗauki hoge na wurga wa mutumin da ya koya mini tarawa da ɗebewa a aji uku. Ban sani ba ko ya same shi, ko bai same shi ba, amma na san hannuna ya ɗaga.

Kwana biyu bayan haka, ranar ruwanmu ta zo, ruwa bai zo ba. Samarin garin sama sun bi dare sun toshe mana hanya da buhunan ƙasa. Kwana huɗu ana kai ruwa rana tsakanin dagatai da limamai da shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa, tumatir kuwa yana tsakiyar fure. Babana, wanda bai taɓa taka filin ƙwallo ba tun da aka haife shi, wanda ya ci bashin taki da niyyar biya in ya ɗebi tumatir, yana tsaye a bakin fangali yana kallon fure yana zuba. Kofi dai har yau ba a ba kowa ba. Ragon kuwa, Allah kaɗai Ya san cikin da ya shiga.

To, jama'a, wannan ita ce ƙwallon da ake cewa wasan yara ce.

KUSKURE IRI UKU NE

Da na dawo makaranta na shiga neman yadda sauran al'ummar duniya suke yi in alƙalin wasa ya yi kuskure, tun da yake ba a kan Malam aka fara ba. Inda na sami amsar da ta fi gamsar da ni, wani wasa ne da ba mu yi a nan, wanda ake kira sofbol. An ƙago shi a birnin Chicago na Amurka a 1887, ƙanen besbol ne, ya kuma shiga wasannin Olamfik a 1996 a matsayin wasan mata. Yadda ake yinsa shi ne, mai jifa ya wurgo ƙwallo ta ƙarƙashin hannu, mai kulki ya doke ta, sannan ya sheƙa da gudu ya bi zango-zango har huɗu. In ya taka zango kafin ƙwallo ta riga shi, ya tsira. In ta riga shi, ya mutu. Wanda ya san langa zai gane abin da sauri, don kusan tambaya ɗaya ce, ruwa ya sha ko an kashe shi a hanya. Sau da yawa tsakanin tsira da mutuwa bai kai ƙiftawar ido ba, saboda haka wasa ne da alƙali ke yanke hukunci sau ɗaruruwa a yini guda, kuma ba makawa sai ya kuskure wasu.

Da yake masu wannan wasa sun san haka, sai suka raba kuskure tun a cikin dokarsu. Akwai hukuncin gani, watau ya tsira ko ya mutu, jifa ta yi kyau ko ba ta yi ba, ƙwallo ta faɗi ciki ko waje. Wannan ba a ɗaukaka ƙara a kansa ko kaɗan. Iyakar abin da mai horar da 'yan wasa zai yi shi ne ya je cikin ladabi ya roƙi alƙalin ya tuntuɓi abokin aikinsa, ko shi ya ga abin da kyau daga inda yake tsaye. In alƙalin ya ga dama ya tambaya, ya gyara da kansa. In ya tsaya a kan bakansa, magana ta ƙare, a ci gaba da wasa. Sannan akwai kuskuren doka, watau alƙali ya ga abin daidai amma ya yanke hukuncin da littafi bai ce ba. Wannan kam ana ƙara a kansa, amma da sharaɗi, sai a faɗa nan take kafin a sake jefa ƙwallo, a rubuta, a ƙarasa wasa lafiya, daga baya kwamiti ya zauna. In mai ƙara ya yi gaskiya, a komo a ɗora wasan daga daidai inda aka yi kuskuren.

Da na duba dokar ƙwallon ƙafa, sai na tarar ashe mu ma muna da irin wannan a hannunmu, karantawa ce ba mu yi. Doka ta 5 ta ce hukuncin rafali a kan abin da ya faru a fili, har da shigar ƙwallo ko rashin shigarta, shi ne na ƙarshe. Amma ta ba shi dama ya canja in ya gane ya yi kuskure, ko in mataimakinsa ya ankarar da shi, muddin ba a sake take wasa ba. Watau a ranar nan tamu akwai ƙofa a buɗe. Tsakanin busar Malam da mayar da ƙwallo tsakiya, da kyaftin ɗinmu ya je shi kaɗai ya ce, "Malam, don Allah a tambayi mai tuta," da wataƙila an gyara. Mu muka rufe wannan ƙofa da hannunmu, da hoge da sanda.

Kuskuren doka ma an taɓa ganin yadda ake yi da shi. A watan Satumba na 2005, a wasan neman shiga gasar kofin duniya tsakanin Uzbekistan da Bahrain, Uzbekistan ta sami bugun daga kai sai mai tsaron gida, ta ci, amma wani ɗan wasanta ya riga ya kutsa cikin da'ira. Doka ta ce a sake bugun. Rafalin, wani Bajapane, sai ya ba Bahrain bugun tazara. Idonsa ya gani daidai, dokar ce ta kuɓuce masa. Hukumar FIFA ta soke wasan ɗungurungum ta ce a sake. Ba wanda ya taɓa lafiyar rafalin, takarda aka rubuta.

Iri na uku shi ne cin amana, wanda ma bai cancanci a kira shi kuskure ba. A watan Nuwamba na 2016 wani rafali ɗan ƙasar Gana, Joseph Lamptey, ya ba Afirka ta Kudu fenariti a kan Senigal wai ƙwallo ta taɓa hannu, alhali kuwa a ƙafa ta bugi ɗan wasan. Aka bincika aka tabbatar da gangan ya karkatar da wasan. FIFA ta kore shi daga alƙalanci har iyakar ransa, aka sake wasan a Nuwamba 2017, Senigal ta ci biyu da nema, ta tafi gasar kofin duniya. Nan ma da bincike da hujja aka kama shi.

To, ga iri uku, kowanne da maganinsa. Na ido a yi haƙuri, na doka a kai ƙara, na cin amana a bincika a kore. Mu kuwa a wajenmu magani ɗaya muka sani ga kowace cuta, shi ne duka. Wanda hazo ya rufe wa ido da wanda ya karɓi na goro, sanda ɗaya muke auna musu. Wannan ko a kotun Fir'auna sai an ce an yi zalunci.

MASU CEWA HAƘURI RAGWANCI NE

Na yi wannan magana da abokaina a ɗakin kwana, wani ya taso mini da cewa, "Watau kai so kake a cuce mu mu yi shiru? Ai irin wannan haƙurin ne ya kashe talakan ƙasar nan." Maganarsa tana da daɗin ji, musamman a kunnen ɗalibi, amma ta haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Azzalumi shi ne wanda ya san gaskiya ya take ta don amfanin kansa. Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa idonsa ya gaza, ɗan Adam ne kurum, kuma ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Malamanmu na addini sun sha gaya mana cewa ko alƙalin shari'a, wanda ke hukunci a kan dukiya da jini, in ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya kuskure yana da lada. To, in haka ne ga mai zaman kotu da littattafai a gabansa da shaidu da kwanaki na yin nazari, ina ga mai usur da aka ba rabin daƙiƙa, yana gudu yana haki?

Daɗin daɗawa, in ana maganar talaka, wane ne talaka a filin nan in ba Malam ba? Mai kofi yana zaune a inuwa a kan kujera, ko ƙura ba ta taɓa babbar rigarsa ba. Wanda aka karya shi ne mai jiran albashin ƙaramar hukuma. Waɗanda furen tumatir ɗinsu ya zube su ne masu bashin taki. Jarumtar da ba ta iya tunkarar kowa sai dattijo ɗaya tilo a tsakiyar mutum ɗari biyar, ni ban ga abin kirari a cikinta ba.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, rafali ya zame mana bangon da muke shafa wa kashin kajinmu. Duk ɗan Nijeriya mai son ƙwallo ya san abin da ya faru ran 13 ga Fabrairu 2000 a Legas, a wasan ƙarshe na kofin Afirka tsakaninmu da Kamaru. Victor Ikpeba ya buga fenariti, ƙwallo ta daki ƙarfen sama ta faɗa bayan layi ta fito, rafali ɗan Tunisiya ya ce ba ta shiga ba, Kamaru ta ɗauki kofi a gidanmu. Kuskure ne, ba shakka, hoto ya nuna. Amma mutum nawa ne ke tunawa da cewa sai da aka zura mana biyu kafin mu farka, kuma Nwankwo Kanu ma ya ɓarar da nasa bugun? Ikpeba kansa da ya buga sai ya dafe kai, shi ma bai tabbata ta shiga ba. Haka mu ma a ranar tamu, 'yan gabanmu sun zubar da ƙwallo uku su da gola, ba wanda ya jefe su. An yafe wa mai shekara ashirin kuskuren ƙafarsa, an ƙi yafe wa mai shekara hamsin kuskuren idonsa.

Wannan hali kuwa ba a ƙauye ya tsaya ba. A watan Yuni na 2019, a filin Agege na Legas, bayan wasan Kano Pillars da Rangers ta Inugu, magoya baya sun kutsa fili sun far wa alƙalin wasa, hukumar gasa ta ci ƙungiyar tara ta kuma dakatar da kyaftin ɗinta. Yaran ƙauye suna gani, suna koyo. Abin da babba ya yi a birni da rana, shi ƙarami zai yi a ƙauye da yamma.

MASU JIRAN NA'URA

Akwai kuma 'yan zamani masu cewa maganin abin shi ne na'ura, ko kuwa a duba hoton da wani ya ɗauka da wayarsa. Gaskiya ne Turawa sun sha wuya kafin su kai ga na'ura. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 1966, an ba Geoff Hurst na Ingila ƙwallon da har gobe Jamusawa ba su yarda ta haye layi ba. A 1986 Maradona ya ci Ingila da hannu, duniya ta gani, rafali bai gani ba. A 2010 Frank Lampard ya ci Jamus ƙwallo sarai aka hana shi. Sai a gasar 2014 aka sa na'urar da ke tsaron layin gola, a ta 2018 aka kawo VAR, mai nuna wa rafali hoton abin da ya wuce. Amma duk wanda ke zama a gidan kallon ƙwallo a Kura ko Bunkure ranar Asabar ya san gardama ba ta mutu ba, ta dai tashi daga kan mai usur ta koma kan mai kallon allo. Na'ura tana rage kuskure, ba ta koya wa mutum tarbiyya.

Balle mu da ko raga ba mu saya ba, ina mu ina VAR? Ragar da za ta raba gardamar ranar nan ba ta kai kuɗin ƙafa ɗaya ta ragon da aka sa ba. Hoton waya kuwa, kowa daga inda ya tsaya yake ɗauka, kuma kowa wanda ya yi masa daɗi zai nuna. In aka ce sai an bi wayoyin 'yan kallo kafin a yanke hukunci, to, wasan la'asar sai ya kai asuba.

SU MA MASU USUR DA NASU LAIFIN

Kada a ce na wanke alƙalan wasa tas. Da yawansu suna da wata cuta, ita ce girman kai. Suna ganin in suka ce "na yi kuskure" rawaninsu ya faɗi. Wasu kuma in sun gane sun cuci wani ɓangare, sai su nemi ramawa da wani kuskuren na gangan, su ba da fenaritin da babu ita don a yi daidai. Wannan shi ne gyaran gangar auzinawa, kuskure ɗaya ya zama biyu, na biyun kuwa da saninsa aka yi.

Ga wani labari da ya kamata kowane mai usur ya sani. Ran 2 ga Yuni 2010, a birnin Detroit, wani mai jifa a wasan besbol, Armando Galarraga, ya kashe mutum 26 a jere ba wanda ya taka ko zangon farko. Saura mutum ɗaya ya cika abin da suke kira kammalallen wasa, abin da tun 1880 ba a yi shi sau talatin ba a babbar gasarsu. Na ashirin da bakwai ya doka ya ruga, ƙwallo ta riga shi, amma alƙali Jim Joyce ya ce ya tsira. Galarraga ya yi murmushi kawai ya koma wurinsa ya ƙarasa wasa. Da aka tashi Joyce ya kalli hoto, ya ga ya yi kuskure, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa laifinsa, ya nemi yaron ya ba shi haƙuri yana hawaye. Kashegari Galarraga ne ya kai masa takardar sunayen 'yan wasa a tsakiyar fili, suka yi musafaha. Hukumar wasan ba ta canja sakamakon ba. Yaron ya rasa abin tarihi, amma su biyun sun sami mutuncin da ya sa ga shi har a nan ana ba da labarinsu. Waɗannan mutane ba su yi karatun allo ba, ba su san karin maganarmu ta cewa haƙuri maganin zaman duniya ba, amma sun aikata ta. Mu da muka haddace ta, sai a bakin gawa muke tunawa da ita.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Ba na son in zama mai kuka ba magani, saboda haka ga shawarata ga masu shirya gasa a ƙauyukanmu, da mu ɗalibai da muke komawa gida hutu.

Da farko, kada a take ƙwallo sai an rubuta sharuɗɗan gasa da Hausa, da boko da ajami, an karanta a gaban kyaftin-kyaftin da masu unguwanni, kowa ya sa hannu. A faɗa a ciki ƙarara cewa hukuncin gani ba a ƙara a kansa, kuskuren doka kuwa a rubuto shi kafin a kwana. Na biyu, mai sa kofi ya fara sayen raga da farar ƙasa ta zana layi kafin ya sayi rago, kuma a fara wasa da wuri don a tashi da sauran haske. Na uku, a ɗauko rafali da masu tuta manya daga garin da ba ya cikin wasan, kwamiti ya biya su a gaban jama'a, kada su sha ko ruwan wata ƙungiya. Na huɗu, kyaftin kaɗai ke da bakin magana da rafali, kamar yadda aka yi a gasar ƙasashen Turai ta 2024 a Jamus. Na biyar, a kafa kwamitin sauraron ƙara na dattawa uku tun kafin gasa, kuma in sun yanke, mai kofi ba shi da ikon juyawa don ɗan'uwansa ko ɗan jam'iyyarsa. Na shida, garin da mutanensa suka taɓa alƙalin wasa a fitar da shi daga gasa shekara biyu, ya biya kuɗin magani, wanda ya yi dukan kuma a miƙa shi ga hukuma, kada a ɓoye shi a bayan "a bar wa Allah".

Mu ɗalibai kuwa, nauyinmu ya fi na kowa. Dokokin ƙwallon ƙafa 17 ne kacal, ba su kai rabin abin da muke haddacewa a daren jarrabawa ba. Me zai hana ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumominmu su fassara su da Hausa mai sauƙi, su raba a ƙauyuka? Me zai hana mu karɓi usur da tuta da kanmu a lokacin hutu, mu ɗanɗana abin da Malam ya shekara ashirin yana ɗanɗana? Wanda ya taɓa riƙe usur na minti goma ba zai ƙara zagin uwar rafali ba.

Mu tuna kuma, mutanen da ba za su iya karɓar hukuncin usur a kan ƙwallon roba ba, da wuya su karɓi na mai buɗe ƙofar ruwa, ko na malamin zaɓe, ko na alƙalin kotu. A filin wasa yaro ke fara koyon cewa akan yi masa ba daidai ba ya bi hanya ya nemi hakkinsa, wani lokaci ya samu, wani lokaci ya rasa, gobe kuma a sake haɗuwa. Mu mutanen kanal mun fi kowa bukatar wannan darasi, don Allah Ya ɗaure mu da igiyar ruwa ɗaya, ba mai iya ƙaura da gonarsa.

Kafin in dawo makaranta na je gaida Malam. Na same shi a zaure, hannu a ɗaure da karare. Na durƙusa na ce, "Malam, ina cikin waɗanda suka yi jifa, ka yafe mini." Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Na yafe maka duniya da lahira. Amma gaya mini tsakaninka da Allah, ta shiga ko ba ta shiga ba?" Na ce, "Ba ta shiga ba, Malam." Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, ka gaya wa yaranku su ma su yafe mini. Da ɗayanku ya zo ya faɗa mini da baki, da na tambaya." Ya ce kuma ya ajiye usur ke nan har abada.

Yanzu ga hutu na tafe, an ce wani mai halin zai sake sa kofi, kuma duk yankin an rasa wanda zai yarda ya busa. Ni dai na riga na sayi usur, na kuma soma haddar dokokin nan goma sha bakwai. Na san zan yi kuskure. Abin da nake roƙon 'yan'uwana shi ne, ranar da na yi, a turo mini kyaftin.

Allah Ya ba mu haƙuri da juna, Ya sa mu gane gaskiya mu bi ta. Haza wasalam.